Ranar da Tifa Ta Tsallake Kwalbati

Lambun Zulaiha yana can ƙasan Nassarawo, daidai inda babban lambatu yake amayar da ruwansa kafin ya faɗa mayo, wato kogi. A da, duk mai sayen ganye a kasuwa ya san alayyahunta. Yanzu kuwa baƙo zai rantse tsohon filin ƙwallo ne: yashi ya shimfiɗe ko'ina, leda ta leƙo nan, silifa ya leƙo can. A ƙarƙashin yashin akwai rijiyar da marigayiya Inna, mahaifiyarta, ta sa aka haƙa, wadda ko a tsakiyar rani ba ta taɓa ƙafewa ba. Daminar bara ce ta ƙarasa binne ta, har bakinta ma ya ɓace.

Ƙanenta Murtala, mai shagon waya, shi ma yana da gado a filin, kuma haƙurinsa ya ƙare. Ya samo wani mai buga bulo da ke son wurin.

"Adda, ki duba da kyau," in ji shi. "Wannan ba lambu ba ne kuma. Mutumin nan ma yashin yake so. Mu sayar kowa ya huta."

"Ka ba ni damina ɗaya."

"In ruwan bana ya sake binne shi fa?"

Ta daɗe tana kallon inda take zaton rijiyar take. "In ya binne, ka kawo mutumin, zan yarda."

Tana faɗa ta ji kamar ta sayar da Inna da bakinta.

Shi lambatun nan daga unguwannin sama yake gangarowa, waɗanda ke ƙarƙashin wata ƙaramar hukuma, ya bi ta ƙarƙashin wani kwalbati, ya shigo yankin wata hukumar daban. Kwalbatin shi ne iyaka. Kada a ce mutanen garin ƙazamai ne, ko kusa. Duk Asabar ɗin tsafta za ka ga maza sun fito da shebur, sun tuɓe riguna, suna yashe lambatu da gaske har gumi na ɗiga. Sai su tara yashin tsibi-tsibi a bakin lambatun, su tsaya a ɗauke su hoto, kowa ya tafi wanka. Ruwan farko na sauka, sai ya mayar da tsibin inda aka ciro shi, ya kora shi ƙasa. Matan gida su ma suna da tasu dabarar: hadari na haɗuwa, sai a fito da kwandon shara a juye a lambatu, wai ruwa ya tafi da ita. Yana tafiya da ita kuwa, har cikin lambun Zulaiha.

Ta fara zuwa wurin Madam Elizabet, mai kula da tsaftar yankinsu na ƙasa, mace mai fara'a da saurin magana.

"Mama, wallahi ina jin tausayinka," in ji Elizabet. "Amma yashin nan daga sama yana zuwa, ba namu ba ne. Mu muna da babban rami a hanyar Mugulbu, zai ci yashi shekara da shekaru. Motan kwasa ne ba mu da shi, namu ya mutu tun tuni."

Washegari Zulaiha ta hau Keke Napep ta tsallake kwalbati, ta sami Malam Khalid, takwaran Elizabet na sama, mutum mai farar riga da lallausar murya.

"Hajiya, lambunki ba a yankinmu yake ba," ya ce. "Kuma baƙin man da ke ƙona miki ganye na garejin ƙasa ne. Tifa kam muna da ita, wurin zubarwa ne ya cika. Man da ake ba ta kuma na aikin cikin yankinmu ne, ba ta wuce kwalbati."

Zulaiha ta fito ranta a ɓace. Ga mota babu rami, ga rami babu mota, tsakaninsu tafiyar da ko akuya ba za ta gaji ba. Mutanen nan biyu sun san juna sarai, suna gaisawa a wurin biki da jana'iza, amma ba su taɓa zama a benci ɗaya kan maganar lambatu ba.

A hanyar gida ta tuna yadda Inna take yi in aiki ya fi ƙarfinta. Ba ta kai ƙara, gayya take kira. Ta biya kasuwa ta sayi goro manya-manya, ta koma ofishin Khalid, ta miƙa masa ɗaya da hannu biyu. Shi kuma, da yake ɗan mutunci ne, ya karɓa ya ɓare ya kai baki.

"Madalla," in ji ta, bayan ta ga ya tauna. "Goron gayya ne. Asabar mai zuwa, a lambuna, da hantsi. Ka zo da yaranka."

Khalid ya tsaya da tauna. Amma goro ya riga ya shiga, kuma duk wanda ya tashi a garin nan ya san ba a cin goron gayya a noƙe. Da Zulaiha ta kai wa Elizabet goro, ita dariya ta yi har da tafa hannu, ta ce, "Mama, ka kama ni," ta jefa nata a jaka. Zulaiha ba ta gaya wa kowannensu cewa ɗayan ma zai zo ba.

Ran Asabar gari ya waye da zafi, gajimare na taruwa can bisa duwatsun gabas. Maƙwabta suka fito, matan Islamiyya da matan zumunta na coci suka haɗu a kan murhu, ana tuƙa tuwon masara, miyar yakuwa da gyaɗa na tafasa, ga kunun gyaɗa a manyan robobi. Elizabet ta iso da ma'aikatanta da shebur da baro. Khalid ya iso da nasa, ya bar tifar a tsallaken kwalbati, direbanta Ephraim na zaune a ciki ya ɗora ƙafa a kan sitiyari. Murtala ma ya zo, ya tsaya a inuwa hannu cikin aljihu.

Da shugabannin biyu suka haɗa ido, sai kowa ya gyara tsayuwa. Zulaiha ba ta ba su damar dogon gaisuwa ba. Ta danƙa wa kowa shebur, ta ja su zuwa tsakiyar filin, ta buga ƙafa a ƙasa.

"Nan za ku haƙa, ku biyu. Rami ɗaya."

Suka fara, kowa na ƙoƙarin kada ɗayan ya fi shi. Da ramin ya yi zurfi, sai bangonsa ya fito hawa-hawa. Ga jar ƙasa mai kauri, irin wadda babu ita sai a gangaren sama inda ake share filaye ana gini. Elizabet ta nuna ta da bakin shebur, ta kalli Khalid. Ƙasa da ita kaɗan sai ga wani baƙin taɓo mai warin man inji, har da tsohuwar matatar mai ta mota. Khalid ya ɗago ta da yatsu biyu, shi ma ya kalli Elizabet. Daga nan kuma jar ƙasa, sai baƙi, sai ja, leda kuwa ta ratsa ko'ina ba a san ta wane gida ba ce.

Zulaiha ta leƙo. "To, ku raba mana. Kowa ya kwashi nasa ya kai gida."

Wurin ya kaure da dariya. Khalid ya share gumi da hannun farar rigarsa da ta riga ta zama ja, ya yi murmushin jin kunya. Ana cikin haka shebur ɗin Elizabet ya daki wani abu, ƙwal. Suka sa hannu suna share ƙasa, sai ga bakin siminti a zagaye, ga ma gurbin da igiyar guga ta ci a gefe ɗaya.

Zulaiha ta durƙusa ta dafa wurin. Gurbin nan hannun Inna ne ya yi shi, shekara da shekaru tana jan ruwa. Hawaye suka zubo mata, ba ta ko ɓoye ba. Murtala ya zaro hannunsa daga aljihu ya matso.

Kafin azahar an kwashe yashin lambun kaf. Sai dai fa hali ba ya buya: ma'aikatan sun tara shi tsibi guda, ƙato, a bakin lambatu, har wani ya fara gyara waya zai ɗauki hoto. Mutane suka nufi wurin tuwo suna wanke hannu. Zulaiha ta riga su, ta zauna daram a kan murfin babbar tukunya.

"Abincin gayya sai an gama aiki," ta ce. "Wancan tsibin, ruwa ɗaya zai dawo min da shi. Ba a gama ba."

Ƙamshin miya na ta dukan hanci. Ephraim, wanda yunwa ta sauko da shi daga mota, ya dubi maigidansa.

"Oga, motan yana nan, lafiyanshi ƙalau. Ni ban karya ba tun safe."

"Ka san ba ta wuce kwalbati," in ji Khalid a hankali.

Elizabet ta soke shebur ɗinta a ƙasa. "Malam Khalid, ramin Mugulbu yana nan a buɗe. Ka kawo mota, mu za mu sa mai. Naku yashi, namu yashi, duka a zuba a wurin. Bari na kira oga na, kai ma kira naka."

Suka koma gefe, kowa da waya a kunne, suna kai da kawowa, can sai suka yi musayar wayoyin. Zulaiha na zaune a kan tukunya, murfin na ƙona ta, ta ƙi motsi. Daga ƙarshe Khalid ya juyo ya ɗaga wa Ephraim hannu.

Tifar ta yi gurnani, ta tako a hankali, ta hau kwalbatin, ta sauko wannan ɓangaren. Ba abin da ya faru, ƙasa ba ta tsage ba. Matan suka rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya, maza na dukan jikin motar suna ihu. Sai da aka loda sawun ƙarshe Zulaiha ta tashi daga kan tukunya, tana ɗingishi tana dariya.

Abin da aka fara a gaban tuwo, hukumomin biyu suka ƙarasa shi a zaune. Aka tsayar cewa yashe lambatu rana ɗaya za a riƙa yi, daga sama har mayo, kuma tifa ta kwashe a ranar. Aka haƙa rami mai faɗi gab da kwalbati, aka sa masa ragar ƙarfe, don ruwa ya huce a ciki ya ajiye yashi da leda kafin ya wuce. Manoman Bahuli suka kawo saiwar ciyawar jema aka dasa a gangaren da aka share, aka jera duwatsu. Makanikai aka ba su duro na zuba baƙin mai. Maganar kwandon shara kuwa, Zulaiha da Elizabet suka bi gida-gida, wasu suka ji, wasu suka ce to kawai. Aka yashe rijiya, aka ƙara wa bakinta tsawo, Zulaiha ta ja kunyoyi ta yi shuka, tana duban sama duk lokacin da iska ta kaɗa.

Babban ruwan ya zo wata ranar Talata da la'asar, irin wanda ke sa kwanon rufi ya hana mutane jin juna. Zulaiha ta yafa buhu a ka ta fita da gudu. A kan kwalbati ta tarar da Khalid da Elizabet, sun jiƙe sharkaf, suna raba lema ɗaya da ba ta rufe ko ɗayansu ba. Ruwa ya taho ja wur yana kumfa, ya afka ramin, ya yi juyi, ya lafa. Leda ta manne a raga. Abin da ya fito ta ɗaya bakin bai yi hasken ruwan randa ba, amma ruwa ne, ba kunun yashi ba. Elizabet ta riƙe hannun Zulaiha tana tsalle, Khalid na ta maimaita alhamdu lillahi.

Da safe aka ga ɓarnar: kunyar yakuwa ɗaya ta bakin lambatu ta tafi. Sauran ganyen na tsaye kore shar, rijiya na nan da bakinta a sarari.

Murtala ya iso ita tana jan guga. Ya zagaya lambun. Ta cika moɗa ta miƙa masa. Ya sha, ya tsaya, ya sake sha, idonsa ya kaɗa.

"Adda, ɗanɗanon bai canza ba."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya duba, mai bulo ne. Ya ɗauka, yana kallon gurbin igiyar nan na bakin rijiya.

"Alhaji, ka yi haƙuri," ya ce. "Wurin yana da mai shi."

Ya kashe wayar, ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya tambaye ta inda ta ajiye fartanya.