Gorar da Maginiya Ta Toshe

Yahaya magini yana kwaɓa ƙasa a tsakar gidansa a unguwar Itapagipe, can ƙetaren teku inda aka kai bayi, da hantsi sai ga sufeton unguwa da soja biyu. Ba sallama, ba komai. Tun boren Musulmi na shekara ashirin da suka wuce, duk ɗan Afirkan da aka kama da rubutun Larabci, bulala ce, sannan a jefa shi jirgi a raba shi da garin. Yahaya ya fanshi kansa da guminsa, amma 'yarsa Uwani a nan aka haife ta, ga ta da tsohon ciki. In aka kore shi, ba zai ga jikansa ba.

Wani maƙwabci ne, Allah ya isa, ya kai tsegumi wai tsohon yana ɓoye layu a guntayen gorar da ya rataye ƙarƙashin rufi, kowace an toshe bakinta da laka.

"Kai tsoho, me ke cikin waɗannan?" in ji sufeto da harshen Fotugis.

"'Ya'yan wata uwa ne, Sinyo," in ji Yahaya. Ya dai ce masa Sinyo, wato ranka ya daɗe a harshensu, amma bai ko cire hula ba.

Gaskiya ya faɗa, amma ba duka ba. Cikin gora talatin ɗin akwai ɗaya mai tsagi a gindi, wadda ya cusa wa 'yar takarda: addu'a da sunan mahaifiyarsa, rubutun hannun malamin da suka sha ɗaurin sarƙa tare a jirgi. Yahaya da kansa ya toshe ta da jar ƙasa bara. Uwani ta sani, shi ya sa ta dafa bango.

Sufeto ya sa wuƙa ya tsaga ta farko. Ɗakuna shida ne a jere, kowane da katangarsa ta laka, kowane da ɗan curi rawaya da farar tsutsa kwance a kai.

"Zanzaro ne," in ji wani soja.

Nan fa ran Yahaya ya ɓaci. A zarge shi, ya saba. Amma a raina masa ƙwaron da ya yi shekara goma sha ɗaya yana kallo, wannan bai iya haɗiyewa ba.

"Zanzaro gizo-gizo yake tara wa 'ya'yansa. Ka ga gizo-gizo a nan? Garin fure ne. Wannan dangin ƙudan zuma ce, ni Maginiya nake ce mata. Dubi waccan da ta sauka, baƙa mai sheƙi. Ba a ƙafa take ɗauko garin ba, a gashin cikinta take shafo shi. Ta zuba, ta yi ƙwai ɗaya, ta ja katanga, ta fara ɗaki na gaba. Mata suna can ciki, maza a bakin ƙofa, don su ne suke fara fitowa."

"Ina zumar?"

"Ba ta yi wa kowa zuma, Sinyo. Ba ta da sarki, ba ta da bawa. Kowace ɗakinta take ginawa da bakinta."

Sufeto ya ji inda maganar ta dosa, kunnuwansa suka yi ja. "Baba, don Allah," in ji Uwani da Hausa, murya ƙasa-ƙasa. Yahaya bai waiwaya ba.

Aka tsaga ta biyu, ta biyar, ta tara. Tsutsotsi suna zubowa ƙasa, kaji suna tsincewa. Kowace ta faɗi, Yahaya yana jin ta har zuciya. Iyayen suna ta shawagi suna neman ƙofofinsu, amma ko ɗaya ba ta harbi kowa ba.

Sai hannun sufeto ya kai kan mai tsagi a gindi.

Tsoro ya kama Yahaya, ba ƙarya. Amma idon magini bai bar aikinsa ba. Ya dubi toshiyar. Shi jar ƙasa ya sa, ya shafe ta sumul da ɗan yatsa. Wannan kuwa baƙar lakar bakin teku ce, curi-curi, an jera ta loma bayan loma. Ashe damina ta zubar da tasa, Maginiya ta samu ƙofa a buɗe ta shige, ta yi gininta a gaban takardar.

Ya karɓe gorar daga hannun sufeto, abin da baƙar fata ba ya yi a garin nan. Ya ɓantare bakin da farcensa, ya girgiza ta a tafin mutumin. Curin garin fure ya faɗo, da tsutsa mai motsi.

"Ga layar, Sinyo. Karanta."

Sojojin suka tuntsire da dariya. Sufeto ya yarfe hannu yana zagi, ya goge a wandonsa, ya ce a tafi, wannan tsohon mahaukaci ne. Ya kai ƙofa ya juyo.

"Ka ƙone sauran kafin in dawo."

Yahaya ya hau kan turmi, a gaban idon mutumin, ya mayar da gorar mazauninta, ya ɗaure ta tamau. Sannan ya ɗauki adda ya soma saran sabuwar gora, guda tara, madadin waɗanda aka tsaga.

Bayan sun fita Uwani ta zauna daɓas a ƙasa, tana kuka tana dariya.

"Baba, saura kaɗan ka kashe ni."

"Ɗebo min ruwa ki jiƙa lakar can," in ji shi. "Mai gidan ta dawo."

Ta kuwa dawo, da ɗan curin baƙar laka a bakinta. Ta zagaya sau biyu, ta sauka a bakin gorar mai tsagi, ta fara sake toshe ƙofar.