Launin Baba Jerome

Sailuba na fitowa daga lif da kular abinci a hannu, sai ta hangi wata Baturiya tsaye a ƙofar Baba Jerome, ta rungume fayil a ƙirji, tana ƙwanƙwasawa a hankali.

"Wa kike nema?" Sailuba ta tambaye ta da Turanci, ba ko gaisuwa.

"Jerome. Nan yake, ko?"

"Daga wane ofis kike?"

"Ba daga ofis ba. Sunana Debbie. Tambaya nake so in yi masa a kan asalinsa."

Sailuba ta tare ƙofar. "Ba shi da lafiya, ba ya ganin kowa," ta ce. Ta tsaya ƙyam har lif ya rufe da matar, sannan ta zaro mukullin da tsohon ya ba ta.

Ƙofofinsu na kallon juna a wani dogon bene a Silver Spring, gab da Washington. Ita nas ce, Bakanuwa. Shi mutumin Bukuru ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa tasi a Washington har ciwon zuciya ya zaunar da shi. Ta same shi kishingiɗe a doguwar kujera, robar iska a hancinsa.

"Baba, wata Baturiya ce da fayil, wai asalinka take tambaya."

"Kin buɗe mata?"

"Haba Baba!"

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Su ne. Sun dawo."

Ta san su wa yake nufi. A shekarar korona wani ma'aikacin ƙidaya ya zo masa, ya tambaye shi ko fari ne, ko baƙi, ko me. Baba Jerome ya ƙi amsawa. Ya rantse mutumin ya ƙare masa kallo, ya danna wani abu a waya, ya wuce.

"Har yau ban san abin da ya mai da ni ba," ya ce yana haki. "A Bukuru ɗan Bature ne ni, don ubana Baturen kuza ne, ya tafi ya bar uwata da ciki. Na sauka ƙasar nan aka ce baƙi. Fasinja ya shigo mota ya yi ta zuba mini Sifaniyanci. Da aka kai harin sha ɗaya ga Satumba kuwa, Balarabe na koma, har taya aka fasa mini. To ki gaya mini, me za su yi da launina?"

Sailuba ba ta yi musu ba. A asibitinsu ma ta sha ganin an dubi fuskar majinyaci an cike masa gurbin launin fata a takarda ba tare da an tambaye shi ba.

Baturiyar ta sake dawowa. Sailuba ta leƙa ta hudar ƙofa tana kallonta har ta gaji ta tafi. Wata rana kuma ta hango ta zaune cikin mota a bakin benen. Hankalinta bai kwanta ba, ta riƙa sa wa ƙofarsa sarƙa duk sanda take wajensa.

Ran Laraba da hantsi Baba Jerome ya cika, hannunsa cikin nata. Ta rufe masa ido, ta kira likitansa, ta kira Fasto Kambai na cocinsa.

Da la'asar ma'aikacin gidan shirya gawa ya zo da 'yar kwamfutarsa don cike takardar mutuwa. Fasto Kambai ya shigo a bayansa, Baturiyar nan na biye.

Sailuba ta miƙe. "Fasto, wannan fa?"

"'Yarsa ce, Hajiya," ya amsa da Hausa. "Jiya ta same ni a coci. Tana goye suka rabu da uwarta."

"Ka tabbata? Bai taɓa faɗa mini ba."

"Ni ya faɗa mini."

Debbie ba ta ji abin da suke cewa ba, amma ta ga fuskar Sailuba. Ta buɗe fayil ɗin. Takardun asibiti ne da hoton jariri.

"Ɗana ne," ta ce. "An gano yana ɗauke da jinin sikila. Likita ya yi ta mamaki, don duk takarduna fara aka rubuta, haka uwata ta sa tun haihuwata. Na zo ne in ji daga bakinsa, mu su wane ne."

Sailuba ta ƙura wa hoton ido. Ta dafa kujera.

Ma'aikacin ya yi gyaran murya. Ya tambayi shekaru, ya tambayi sana'a, ya tsallake zuwa makabarta.

"Dakata," Sailuba ta ce. "Wajen launi me ka sa?"

"Ai na gan shi. Na sa ɗan Latin Amurka."

"Goge."

Ya dubi Debbie. Ta girgiza kai, hawaye na zuba. "Ni ban sani ba. Ita ta san shi."

"Ana iya zaɓar fiye da ɗaya," mutumin ya ce a sanyaye.

"To sa baƙi, ka sa fari. Akwai wajen rubutu? Rubuta Birom, ƙabilarsa ke nan. Sunan uwarsa Kaneng." Ta faɗa masa harafi bayan harafi, sannan ta sa ya juyo mata da allon ta karanta da idonta.

Bayan an fita da gawar, ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar jirgin ƙasa daga nesa. Debbie ta durƙusa tana naɗe bargon da ya bari a kujera, ta tura gashinta baya. Sailuba na tsaye a bakin ƙofa, ta zuba wa kunnuwan matar ido, manya, masu ɗan lanƙwasa daga sama, irin na Baba Jerome sak. Ta daɗe tana kallonsu. Can ta matso, ta kama ɗaya bakin bargon.