Layin Fensir a Bangon Falonmu

Duk wanda ya shigo falonmu sai ya ɗaga kai kafin ya zauna. Akwai wani layin fensir da ya taso daga bakin ƙofa, ya bi ta bayan kujeru, ya tsallake taga, ya zo ya tsaya dab da makunnin fanka. Aikin maigidana ne. Tsohon ma'aikacin safiyo ne, kuma tun muna da sauran ƙuruciya yake auna annabcin Littafi Mai Tsarki a bangon nan yadda yake auna fili, taƙi ɗaya shekara ɗari. Ga makonni saba'in na annabi Daniyel, ga mulkokin da suka tashi, ga inda kowanne ya faɗi. Inda layin ya ƙare, nan ne a lissafinsa Almasihu zai dawo. A lokacin da nake ba ku labari, saura shekara biyu.

Na yi masifa a kan bangon nan har bakina ya gaji. Amma gaskiya ɗaya ce, ban taɓa ganin mutum mai tsoron ƙarya irinsa ba. Ɗigo ɗaya sai ya yi wata yana bincike kafin ya ɗiga shi. Ranar Laraba da yamma kuwa falon cika yake yi da 'yan ikkilisiyarmu, har da masu zama a ƙasa, shi kuma yana tsaye da rula yana bayani. Ni da nake gunaguni a kicin, sai in tsinci kaina na rage wuta ina saurare.

Autarmu ce babbar ɗalibarsa. Da aka ba ta gurbi a makarantar ungozoma, na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Muna cin abincin rana yarinyar nan ta ajiye cokali ta ce ba za ta je ba.

“Kin ce me?” na ce.

“Mama, karatun shekara uku ne. Saura biyu. Wa zan karɓa wa haihuwa?”

Kai! Na juya kan ubanta na ce, “To, ga abin da bangonka ya haifa mana, sai ka raɗa masa suna.”

Ya dubi yarinyar ya ce a hankali, “Auta, ki tafi makaranta. Ranar dawowarsa ba wanda ya san ta sai Allah Uba. Nawa awo ne kawai, awo kuwa ba ya rasa kuskure.”

“Baba, ban taɓa jin kun faɗi haka ranar Laraba ba,” in ji ta. “In don ni kuke faɗa yau, lallashi ne. Ni abin da kuke koya wa mutane na yarda da shi.”

Na so in kai mata duka, sai dai ba rashin kunya ta yi ba. Shi ma ya san haka. Ya ture kwanon abincinsa, ya zauna yana kallon wajen makunnin fanka har rana ta yi sanyi. Makarantar kuma ta ce in Auta ba ta je ranar Litinin ba, za ta ba wa wata gurbin.

Laraba ta zo, falo ya cika. Maigida ya miƙe ba rula a hannunsa.

“Jama'a, akwai abin da na daɗe ina riƙe muku,” ya ce. “Har gobe ina ganin lissafin nan daidai ne, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na ɗauki kwana ɗaya a matsayin shekara, wasu masana ba su ɗauka haka ba. Na fara ƙirga daga umarnin wani sarki, alhali akwai wasu umarnan da za a iya farawa da su. A fili nakan san iyakar kuskurena. A nan ban sani ba, zai iya zama shekara ɗaya, zai iya zama dubu. Na san haka tuntuni. Fuskokinku nake gani suna haske idan na nuna ƙarshen layin, sai in kasa faɗa.”

Wani dattijo da ya fi kowa zuwa da wuri ya tashi ya zura takalmansa, ya ce, “Ashe duk shekarun nan hasashe muke zuwa ji.” Mutum huɗu suka bi bayansa. Maigida ya raka su har ƙofa, ya yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya. Ina daga bakin kicin ina kallon ƙeyarsa, wallahi ban taɓa sonsa kamar ranar ba.

Auta na can lungu tana share hawaye da bakin mayafinta. Bayan an watse ta zo ta durƙusa a gabansa. Shi ne ya ce, “Tashi ki nemo akwati.”

Ranar Litinin shi ya ɗauki akwatin da kansa har tasha, na yi na yi ya bar wa ɗan dako ya ƙi. Ta shiga mota ta zauna a gefen taga, direba ya tayar da inji. Sai ya matsa kusa, ya ƙwanƙwasa gilashin.

“Yaushe ne ma bikin yaye ku?”

Ta faɗa masa watan da shekarar, tana kallon idonsa. Dukanmu mun san shekarar ta wuce inda layinsa ya tsaya.

“Allah ya kai mu,” ya ce. “Ki kama mini kujera a gaba, kin san idona ba ya gani daga nesa.”