Alƙalin da ke da alewa a jaka

"Umma, wai a gidan nan wa ya fi ƙarfi, ke ko Abba?"

'Yata ce ta jefo tambayar muna cin abinci, ga babanta, ga kakarta, uwar mijina. Cokali ya tsaya mini a hannu. Ashe a makaranta aka koya musu cewa gwamnati ɓangare uku ce, kowanne yana taka wa ɗan'uwansa burki.

Na ga dama ta samu. Likita ya riga ya ce haƙorinta na ƙasa ya fara rami, in ba ta bar alewa ba sai an cire.

Na ce, "Ni ce majalisa, ni ke yin doka. Abbanki ne mai zartarwa. Kaka kuma kotu. Doka ta farko, babu alewa."

Mai zartarwa ya gyaɗa kai, bakinsa cike.

Ba a jima ba ina wanki na tsinci ledar alewa a aljihun kayan makarantarta. Na kai wa babanta. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ai ba na hukunci sai kotu ta zauna."

Kotu ta zauna a bakin gadonta, wadda ake tuhuma tana kan cinyarta.

"Wa ya gan ta tana sha?" in ji Kaka.

Na ce, "Mama, ga leda."

"Leda na gani. Tashi, ƙawata, an wanke ki."

Na ce, "To na ɗaukaka ƙara."

"Wurin wa, 'yar nan? Daga ni sai rufin ɗaki."

Kaka na gyara zama jakarta ta kife. Alewa ta watse har ƙarƙashin gado, ledar iri ɗaya sak da wadda na tsinta. Mai zartarwa ya duƙa ya kwashe, ya ce kayan shaida ne, ya zuba a aljihunsa. Ni kuwa da wane bakin zan tsige uwar miji?

Haƙorin dai bai jira mu ba, kumatu ya kumbura. Ranar cirewa majalisa ta yi doka ta biyu: alƙali ne zai riƙe mata hannu. Kaka ta shiga ɗakin likita tana wasa da dariya, ta fito ta fi yarinyar jan ido. A mota ta miƙo mini jakar ba tare da ta dube ni ba.

Ke mai karatu, in za ki raba iko a gidanki, ki raba. Amma kar ki naɗa alƙali sai kin leƙa jakarsa, kuma ki caje aljihun mai zartarwa.