Ƙishirwar Kawu Sebio

Momi ta tara kwalbar jaririya a bakin famfo ke nan sai ta ji ana dukan ƙofar baya da sanda, irin dukan wanda ba shi da lokacin gaisuwa.

"Momi, rufe famfon nan."

Kawu Sebio ne, maƙwabcinta, tsaye a kan matakala da singileti da silifa ɗaya, yana haki. Shekararsa casa'in da bakwai, kuma an fi shekara rabon da ya ƙetaro shingen da ke tsakanin gidajensu da ƙafarsa.

"Kawu, wa ya fito da kai? Ina ɗaya takalmin?"

"Bar zancen takalmi. Kin ba yarinyar ruwan nan?"

"Yanzu dai zan dama mata madara."

"Miƙo nan."

Ta miƙa masa kwalbar. Ya kai ta hanci, ya rufe ido, ya daɗe a haka. Da ya buɗe idon, Momi ta ga abin da ba ta taɓa gani a fuskar tsohon ba tun tana yarinya tana satar masa mangwaro. Tsoro ne zalla.

"Man jirgin sama ne," in ji shi. "Dutsen ya fara yoyo."

Ta so ta yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa. Mako guda tana fama da mura, hancinta a toshe. Ta zuba ruwan a kofin gilashi ta ɗaga wajen taga. A samansa akwai wani siririn maiƙo mai launin bakan gizo, yana juyawa a hankali.

Daga ɗaki Lehua ta fara kuka. Jikarta ce, wata huɗu da haihuwa, ɗiyar 'yarta Kanoe da ke aikin wanki a wani otal a Honolulu, babban birnin tsibirinsu. Kwana uku ke nan yarinyar tana amai, ƙuraje sun feso mata a wuya da ƙirji, su kuwa suna ta cewa zafi ne. Sau shida a rana Momi take dama mata madara da ruwan famfon nan, ta kuma yi mata wanka da shi safe da yamma. Ta dafa bakin wurin wanke-wanke.

A asibitin yara ta tarar da layin mata 'yan unguwarsu, kowacce da yaro a kafaɗa. Kanoe ta iso da kayan aiki a jikinta, ta fizge yarinyar ta rungume.

"Mama, ba ki ji warin ba? Kwana uku?"

"Ban ji ba."

"To me likitan ya ce?"

"Ya ce a daina ba ta ruwan, a sa ido."

"A sa ido a kan me?"

A hanyar dawowa rediyon mota ya ce an gwada ruwan, ba a ga abin damuwa ba. Bayan kwana huɗu sai ga tankar ruwa ta tsaya a bakin layinsu, aka liƙa takarda a kowace ƙofa: kada a sha, kada a yi girki, kada a yi wanka.

Kowa a layin ya san abin da ke cikin dutsen da ke bayan gidajensu, kamar yadda kowa ya san akwai maƙabarta a bayan coci. Tun lokacin yaƙin duniya na biyu aka fafe cikinsa aka binne tankunan man soja, aka kewaye da waya. Ba a ganin komai daga waje sai ciyawa da itatuwa. Mutane sun yi aure, sun haihu, sun tsufa a gindinsa ba su tuna da shi.

Kwana biyu bayan zuwan tankar, Momi ta kai wa Kawu Sebio farfesun kaza da zogale, irin wanda yake so. Shi kaɗai yake zaune tun rasuwar matarsa. Ɗansa Rodel yana Las Vegas. Ta tarar da jarkokin da ta ɗebo masa jere a bakin ƙofa, ko murfin ɗaya ba a buɗe ba.

"Kawu, me kake sha?"

"Ba na jin ƙishi."

"Ƙarya kake yi, dubi leɓenka. Wannan ruwan tanka ne, daga wani gefen tsibirin aka kawo shi."

"Tsibirin ɗaya ne, 'yar nan. Ruwan da ke ƙarƙashinsa ma ɗaya ne."

Ta buɗe sabuwar gorar ruwa ta kanti a gabansa, ta zuba masa. Ya shinshina, ya ture.

"Yana wari."

"Ba ya wari. Ga shi na sha."

"Ke da hancinki na ado? Ke ce kika kwana uku kina..." Sai ya ga yadda fuskarta ta koma. "Yi haƙuri. Zauna. Laifin ba naki ba ne. Ni na haƙa ramin."

Momi ta san ya yi aiki a dutsen, amma bai taɓa ba da labarin ba. Ran nan ya bayar, idonsa a kan bango. Ya ce yana da shekara goma sha bakwai aka ɗauke shi daga gonar rake, aka sa shi ya rantse ba zai faɗa wa ko uwarsa abin da suke yi ba. Da igiya ake zura su cikin rami. Suna fasa dutse daga sama, suna tura ɓaraguzan ta wani dogon rami a tsakiya, har kogon ya yi zurfin da zai haɗiye bene mai hawa ashirin. Sannan aka shafe shi da siminti da ƙarfe aka cika da mai. Irin wannan kogon kuwa ba ɗaya ba, ba biyu ba.

"Akwai wani abokina Isamu, shi ke riƙe min fitila. Wata rana muna can ƙasan ƙasa, an kashe injuna za a canza ma'aikata, sai ya ce, 'Sebio, sa kunnenka a nan.' Na sa kunne a dutsen. Kin san me na ji?"

"Me?"

"Ruwa. Yana tafiya a ƙarƙashinmu, kamar numfashin mai barci. Isamu ya ce, 'Wannan shi ne ruwan da duk garin ke sha. A kansa za a ɗora man.' Muka yi dariya, yara ne mu. Yaƙi ake yi, wa ke ta ruwa? Bayan wata biyu igiya ta tsinke da shi." Ya lashi leɓe. "Shekara tamanin, duk safiya sai na shinshina kofi kafin in sha. Matata ta ɗauka taɓin hankali ne. Kullum ina jiran ranar nan. Ga ta ta zo."

Washegari ya matsa mata sai ta kai shi ya ga gonarsa ta gwaza da ke bayan gidan, inda wani ɗan marmaro ke ɓuɓɓugowa daga gindin dutsen. Ta tura shi a keken guragu ta kan ciyawa, yana yi mata tsiya wai tuƙinta ya fi na direban bas muni. Da suka isa tsiyar ta ƙare. Ganyen gwazar sun yi rawaya daga baki. A bakin marmaron ƙananan kifaye sun juya ciki sama, sun taru a jikin duwatsu. Wannan karon har Momi ta ji warin, ya daki maƙogwaronta.

"Daga nan na yi wa Rodel tuwon gwazarsa na fari," in ji tsohon. "Mai da ni ciki."

Daga ranar ya daina cin duk abin da aka dafa da ruwa. Momi ta rasa yadda za ta yi. Ta sa mijin maƙwabciya ya kaɗo kwakwa daga bishiyar tsohon, ta fasa a gabansa. Ya sha rabi, har idonsa ya ɗan washe. Sai ya ajiye, ya kalli bishiyar ta taga.

"Saiwarta, daga ina take sha?"

Bai sake karɓar kwakwa ba.

Ta kira Rodel a waya. Ya ce zai taho ƙarshen mako, a kai baban asibiti ko da ƙarfi ne. Wata nas mai zuwa gida ta zo ta duba shi, ta ja fatar hannunsa, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ta ce sai an yi masa ƙarin ruwa.

"Ruwan da za ku ɗura min a jijiya, a ina aka ɗebo shi?" in ji Kawu Sebio.

"Kaka, daga kamfani yake zuwa, a rufe."

"Tankunan ma a rufe suke."

Nas ɗin ta ja Momi waje. Ta ce hankalinsa ɗaya, ya san ranar, ya san sunan kowa, ba ta da ikon ɗaukarsa dole. Ta ce a shekarunsa ba zai wuce 'yan kwanaki ba in bai sha ba.

Ranar Laraba da hantsi hadari ya gangaro daga kan tsaunuka. Momi tana shanya ta ji ɗigon fari a hannunta. Ta watsar da kayan, ta kwaso tukwane da kwanoni, har da bahon wankan Lehua, ta jera a tsakar gidan tsohon, a fili, nesa da rufi. Ta buɗe masa taga don ya gani da idonsa. Ta tsaya cikin ruwan riƙe da kofinsa sama har ya cika, ta shigo da shi tana tsiyaya.

"Ga shi. Wannan bai taɓa ƙasa ba."

Ya shinshina. Ya sake shinshinawa. Sai ya kama kofin da hannu biyu ya shanye, maƙogwaronsa yana motsi kamar na ɗan tsako. Ya sha kofi uku. Momi ta juya baya don kada ya ga tana kuka.

"Ashe kina da hankali," in ji shi. "Wanda ya ga yadda kike faɗowa daga bishiyar mangwarona ba zai ce haka ba."

Ruwan ya kai su kwana biyu. Ya ci 'yar shinkafa da aka dafa da shi, ya tambayi jikin Lehua. Ta gaya masa aman ya tsaya, ƙurajen sun fara bushewa, amma likita ya ce ba wanda zai iya faɗin abin da zai biyo baya nan da shekara goma. Kanoe kuwa ta fara zancen komawa wani tsibirin da yarinyar. Tsohon ya gyaɗa kai.

"Ta tafi. Ke ma ki bi ta."

"In bar gidan uwata?"

"Gidan ma a kan ruwan nan yake zaune."

A kwana na uku da ta kai masa ragowar ruwan saman, ya ƙi sha, ya ce ruwan ya kwana a tukunya, ya ɗauki warin gidan. Sama kuwa ta yi tas. Momi ta yini tana leƙa tsaunuka, ba ko ɓurɓushin gajimare.

Ranar Asabar da azahar tana zaune kusa da gadonsa, tana shafa masa tsumma mai laima a leɓe, yana kau da kai. Jirgin Rodel sai da yamma zai sauka. Numfashin tsohon ya koma sama-sama. Can sai ya buɗe ido ya kama hannunta da ƙarfin da ba ta zata yana da shi ba.

"Ki yi shiru. Kin ji?"

"Me, Kawu?"

"A ƙasa. Yana tafiya."

Momi ta kasa kunne. Ba komai sai kukan kaji da hayaniyar masu ɗiban ruwa can bakin layi. Duk da haka ta ɗage ƙafafunta daga daɓen ba ta sani ba.

"Isamu," in ji shi, "ɗaga fitilar."

Hannun ya saki a hankali. Ta daɗe zaune tana jiran numfashi na gaba. Bai zo ba. Ta rufe masa ido, ta gyara masa wuyan riga, sannan ta kira nas, ta kira Kanoe. Ta bar wa Rodel saƙo, don wayarsa tana kashe a cikin jirgi.

Da la'asar farar motar ɗaukar gawa ta zo. Momi ta bi ta a ƙafa har bakin layi. A wajen tankar mutane sun yi dogon layi da jarkoki, sun tare hanya. Da suka ga motar sai suka dare biyu. Maza suka ajiye jarkokinsu a ƙasa suka cire huluna. Mai ba da ruwan ya rufe tiyo. Motar ta wuce a tsakaninsu sannu a hankali, ta karya kwana ta gangara.

Can wata tsohuwa ta sunkuya ta ɗauki jarkarta, layin ya sake haɗewa.