Ruwan da Shatu Ba Ta Zuba Ba

Shekara ashirin da shida Malam Magaji yana kiran salla a masallacin unguwarsu a Gidan Rumji, shekara ashirin da shida kuma matarsa Shatu tana zungurarsa da ƙafa in ya kwanta. Minsharinsa ba irin na kowa ba ne. Zai yi ta jansa har kwanon rufi ya amsa, sai ɗif, numfashin ya tsaya, ƙirji na motsi iska ba ta shiga. Sai ta zungure shi, ya shaƙo iska da ƙarfi, a sake sabon lale. Da rana kuwa duk bangon da ya jingina da shi ya zama gado.

Ƴarsu ta uku, Hamdiya, mai aikin jinya a Yamai, ita ta ja shi da ƙyar zuwa wajen likita. Suka dawo da wani ɗan inji da bai wuce girman akushi ba, da dogon tiyo, da abin rufe hanci. Injin yana tura iska ne don kada maƙoshi ya rufe cikin barci. A gefensa akwai ɗan mazubin ruwa mai layi a jiki, ƙarƙashinsa kuma wani faifan ƙarfe da ke yin ɗumi in an kunna. Duk unguwa masin suke ce masa.

Lokacin bazara ce, zafi har ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Hamdiya ta nuna wa uwarta mazubin.

"Inna, ki dahwa ruwa shi huce, ki zuba har bakin layin ga. In ba haka ba maƙoshinshi bushewa zai yi, kin kau san Baba da maƙoshi yake aiki."

Ta faɗi haka ta hau mota. Ita kuwa Shatu, abin da ta fahimta ta fahimta: abu ne mai ruwa a ciki da zafi a gindi, wato tukunya. Kuma duk macen da ta san murhu ta san abin da ke samun tukunyar da aka bari a wuta babu ruwa. Tun daga ranar ba ta yi wasa da layin nan ba.

Masin ya yi aiki, wannan ba musu. Minshari ya ɗauke, ƙafar Shatu ta huta, muryar Malam Magaji ta dawo garau har ana jinta a bakin kasuwa. Shekarar ce sojoji suka karɓi mulki suka ce za su mayar wa farar hula, rediyo ba ta da zance sai na zaɓe, amma Shatu ba wannan ne gabanta ba. Ita dai mijinta yana barci kamar mutane.

Sai damina da azumi suka shigo tare.

Ladan a watan azumi ba shi da dare. Ya yi asham, ya ɗan kishingiɗa, ya tashi tayar da mutane sahur. Barcinsa na gaske daga bayan asuba ne zuwa hantsi. Ran huɗu ga wata an kwana biyu ana ruwa, itace duk ya jiƙe, da ƙyar Shatu ta hura wutar sahur tana hawayen hayaƙi. Ruwan masin ya ƙare tun jiya, ta ce za ta dafa, ta manta. Malam ya dawo daga masallaci, ya ɗaura abinsa a hanci da kansa, ya kwanta. Tana tsakar gida ta jiyo injin yana huci a ɗaki, sannan ta tuna babu ruwa a mazubin.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana shinshina iska, tana jiran ƙauri. In ta kashe, zai farka ya tambaya. In ta bari, kayan da Hamdiya ta sha wuya ta samo zai ƙone a hannunta. Ta kasa gaba ta kasa baya, har rana ta ɗaga. Babu ƙauri, babu hayaƙi.

Da hantsi sai ga Malam ya zabura yana tari, ya fizge abin daga fuskarsa.

"Ruwa! Ruwa ya shigam mini hanci, ya wuce!"

Ya yi waje da gudu yana kakari a bakin magudana. A nan ne Shatu ta yi abin da har gobe ba ta san dalilinsa ba. Ta ɗebo ruwan randa a moɗa, ta zuba a mazubin har bakin layi, ta mayar, ta goge hannunta a zane. Tsoro ne kawai, tsoron kada a ce ta bar shi babu ruwa. Da ya shigo ya duba ya ga mazubi cike, sai ya yi salati ya zauna a bakin gado.

Ita ma ta zauna, kanta ya ɗaure. Mazubin nan ƙaf yake lokacin da yake barci, ita shaida ce. To ruwan daga ina?

Bayan azahar ya kai maganar wajen Liman Idrisa. Liman mutum ne mai tsantseni, ba ya yanke hukunci sai ya buɗe littafi. Ya buɗe, ya ce malamai sun faɗa, tururin tukunya in mutum ya shaƙa har ya kai maƙoshi, sai ya rama azumin ranar. Amma shi bai sani ba ko masin tukunya ne. Wani a cikin masallaci ya ce ai fanka ce, wani ya ce fanka ba ta shan ruwa, wani ya ce shi a ganinsa ɗan'uwan butar shayi ne. Aka yi ta yi har la'asar ta kawo jiki. Daga ƙarshe Liman ya yi tambaya mai hankali: shin abin ba ya aiki in babu ruwa?

Malam Magaji ya kawo tambayar gida, ya ajiye a gaban matarsa.

Da ta buɗe baki a lokacin ta ce yana yi, ni na gani da idona, da zance ya ƙare. Amma sai ya ce yaushe kika gani, sai maganar moɗa ta fito. Ta sunkuyar da kai tana tsince shinkafa.

"Ita dai Hamdiya cewa ta yi a zuba har layi."

"To shi ke nan. Abin da ya taɓa mini azumi ba shi ƙara hawa huskata sai bayan salla."

Ya naɗe tiyon, ya tura injin ƙarƙashin gado. Malam Magaji in ya ce a'a, ko jaki ya san ya samu abokin gardama.

Minshari ya dawo da ƙarfinsa. Ga yunwa, ga rashin barci, mutum ya wuce sittin. Idanunsa suka yi ja, ya fara gyangyaɗi a sahu. Ran nan ya makara da kiran la'asar, wani Garba mai gyaran rediyo ya yi a madadinsa, kuma ba laifi, Garba yana da murya. Shatu tana gani. Kullum da safe takan ce yau zan faɗa, kullum yamma ta yi ba ta faɗa ba. Ko Hamdiya ta kasa kira, don in ta kira ma ai daga moɗa za a fara. Kuma har zuciyarta ba ta tabbata ba: wataƙila sa'a aka ci ranar, wataƙila karo na biyu ya ƙone. A madafa gishirinta ya narke ya zama caɓi, ashana ta ƙi kamawa, tufafi kwana uku a igiya ba su bushe ba. Ta kalle su, ta ji kamar suna gaya mata wani abu, amma ta kasa haɗa zancen.

Ran sha uku ga wata, gab da magariba, ta jera kunu da ƙosai a tabarma. Hadari ya rufe yamma, babu mai ganin rana, kowa kunnensa na masallaci. Lasifika ta yi ƙara alamar an kunna. Aka jira. Daga can nesa masallatan wasu unguwanni suka fara kira, nasu shiru.

Sai wani sauti ya fito daga saman hasumiya, mai kauri, mai ja. Makwabta suka fara tambayar juna ta kan katanga, wani ya ce injin niƙa ne. Shatu ba ta tambayi kowa ba. Malam ya kunna abin magana ya zauna jiran lokaci, barci ya ɗauke shi, ga minsharinsa nan ana raba wa unguwa kyauta. Ta ji dariya ta tashi a gidan da ke bayansu.

Sai ɗif.

Dariyar ta ci gaba, don su a wajensu ya ƙare ke nan. Ita kaɗai a garin nan ta san ma'anar wannan shirun. Ƙafarta ta dama ta miƙe da kanta ta zunguri tabarma, kwanon kunu ya tuntsire. Tsakaninta da shi gida tara ne da titi. Ta dafe ƙirji, ta ji ita ma nata numfashin ya ƙi fita. Ba ta taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, tsoron ƙonewar inji bai kai ko ƙurarsa ba. Can sai ga shaƙuwar nan tasa ta fito ta lasifika, aka ji hayaniya, sannan muryar Garba ta ɗauki kiran salla.

A daren Alhaji Jibrilla, wanda ya saya wa masallaci lasifikar, ya ce ƙasa ma gaba ɗaya zaɓe za ta yi, balle ladan. Ran Juma'a a ɗaga hannu, ko Magaji ko Garba. Saura kwana biyu.

Da gari ya waye Shatu ta hau kan turmi a kusurwar gida, inda waya ke kamawa, ta kira Yamai. Ba ta ko gama gaisuwa ba ta zazzage komai, har moɗar.

"Inna! Don mi ba ki kira ni ba?" in ji Hamdiya. "Ruwan ga ba dole ba ne. Don bushewar hanci da maƙoshi anka sa shi. Da bazara Baba na bukata, yanzu kau iska kanta jiƙe take. In bai ji bushewa ba, ki murɗa ɗan maɓallin gehe zuwa sifiri, zahin ya mutu, shi ke nan. Ba ya ƙonewa."

"To ruwan da ya shaƙe shi hwa? Wallahi ban zuba ba."

"Hucin bakinshi ne. In ɗaki ya yi sanyi yakan taru cikin abin hancin, awa yadda murhin tukunya ka yin zuhwa..."

"Ke! Kada ki ƙara ce mini tukunya. Tukunyar ga ita ta kai mu nan."

Ta sauko daga turmi ta same shi zaune a zaure, ko fita bai yi ba don kunya. Ta durƙusa ta faɗa masa tun daga jiƙaƙƙen itace.

"Wato ranar babu ruwa ciki?"

"Babu, Malam."

"Wanda na gani hwa?"

"Bayan ka hita na zuba."

"To ni mi na haɗiye?"

"Ta ce numhwashinka ne."

Ya shafa gemu, ya sake shafawa. "Numhwashin mutum na karya mai azumi?" Ba ta sani ba. Shi ma bai sani ba, kuma da ya kai wa Liman, Liman ya rufe littafi ya ce a rama kwana ɗayan dai don a huta. Amma kafin ya tashi daga zauren sai da ya yi mata tambayar da ta fi tsoro.

"Kwana tara kina kallona ina hwaɗuwa, Shatu?"

"Ina kallo," ta ce, hawaye na zuba. Ba ta nemi wani uzuri ba, don babu.

Ranar ya kwanta da masin, maɓalli a kan sifiri, mazubi wayam. Ya yi barci har azahar, ya tashi hancinsa lafiya, maƙoshinsa lafiya. Kiran da ya yi ran Alhamis, tsofaffi sun ce sun daɗe ba su ji irinsa ba. Sai dai kwana biyu ba sa goge abin da unguwa ta ji da kunnenta. Ran Juma'a aka ɗaga hannu, Garba ya fi shi da mutum uku.

Bai yi faɗa ba da ya dawo. Ya cire hula ya rataye, ya ce mata an yi zaɓe lafiya. Da ma ya zage ta, da ta fi jin sauƙi.

Da yamma ta shimfiɗa tabarma, sai ta ga ya fito ya zauna a gefe. Ta tsaya da kwano a hannu, ba ta san inda za ta ajiye ba. Shekara ashirin da shida a masallaci yake shan ruwa, a tsaye, bayan ya gama yi wa kowa kira. Bai taɓa ganin yadda magaribar azumi take a gidansa ba. Ya kalli kaji suna shiga akurki, ya kalli gajimare, leɓensa na motsi, ta san lissafin lokaci yake yi.

Muryar Garba ta tashi. Malam Magaji ya saurara, ya gyaɗa kai a hankali.

"Bai makara ba," ya ce.

Ta miƙa masa moɗa da hannu biyu. Ya karɓa, ya leƙa ciki, ya ɗago ya dube ta.

"Wanga dai ke kinka zuba?"

"Ni na zuba, Malam."

Ya yi bisimilla ya sha rabi, ya miƙo mata sauran.