Asabar Ɗina da Ƙafar Mahaifiyar Manaja

Sati bakwai na yi ban samu hutun Asabar ba. Ni nas ce a ɗakin masu rauni, kuma mu uku ne kacal muke juya aikin mutum shida. Don haka da maigidana ya ce ranar Asabar zai kai mu wani ɗan gari mai tafki mu wuni a bakin ruwa, har tsokanarsa na yi, na ce ko laifi ya yi yake neman wanke kansa.

"Haba Sista," ya ce, don haka yake kirana. "Mutum ba zai kyautata wa iyalinsa ba?"

Na tashi da sassafe na yi girki, na zuba a kula, na naɗe tabarma. 'Yan matanmu biyu, Babba da Auta, tun a mota suke rigima kan wacce za ta fara tsoma ƙafa a ruwa.

Wajen sha ɗaya muka shiga garin. Titi ɗaya ne mai kwalta, da gidan mai, da mai faci, sai wani allo da ke nuna hanyar tafki ta hannun dama. Sai maigidana ya karya kan mota hagu.

"Ka saki hanya," na ce.

"Minti biyar. Za mu gaida mahaifiyar manajanmu, a nan take."

Ya tsaya a ƙofar wani gida ya buɗe but ɗin mota. A bayan kular abinci na hango jakar aikina, mai safar hannu da bandeji da almakashi. Ni dai na san a bayan ƙofar ɗaki na rataye ta.

"Me wannan take yi a nan?"

Ya sosa ƙeya. "Wai ƙafarta ce ta ɗan yi ciwo. Na ce wa Oga za ki duba. Kin san ana maganar ƙarin girma a ofis."

"Yaushe ka ce masa?"

"Ran Litinin."

Kwana biyar ke nan yana kallona ina murna kamar yarinya, ina guge kayan da zan sa, alhali ya riga ya yi kyauta da hutuna. Ba don yara na tsaye ba, da duk unguwar ta ji muryata. Na fizge jakar na shige.

Tun daga tsakar gida na ji warin, kuma wari ne da na sani. Na ce wa yara su tsaya nan. Tsohuwar tana kwance a katifa, fanka na kaɗawa a kanta, ƙafar dama naɗe da tsohon zani. Ta yi ƙoƙarin tashi ta tarbe ni.

"Kwanta, Mama. Tun yaushe?"

"Wata biyu, 'yar nan. Ƙusa ce na taka. Ina da ciwon suga, shi ya sa ya ƙi warkewa."

"Ɗanki ya gani?"

"Aiki ya yi masa yawa. Amma yana aiko direba da magani."

Da na warware zanin sai da na dafa bango. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin, kumburi ya haura idon sawu, jikinta kuma zafi rau. Na wanke abin da zai wanku na ɗaure, sannan na fito na miƙa wa maigidana hannu.

"Kira shi ka ba ni."

"Sista, don Allah ki bi a hankali, ogana ne."

"Kira shi."

Manajan ya ɗauka da fara'a, yana tambayar ko mun iso lafiya. Ban amsa gaisuwar ba.

"Yallaɓai, ƙafar mahaifiyarka tana ruɓewa. In ba ta kwana a asibiti yau ba, za a yanke ta daga gwiwa, in ma an yi sa'a."

Ya ce yana wurin wani taro, amma ran Litinin zai turo direba.

"Direba ne ta haifa? Yanzu zan tafi da ita asibitinmu. Ka same mu a can, don kai za ka sa hannu a takardar tiyata."

Na kashe wayar. Maigidana ya riƙe baki kamar na zagi ubansa. Na ce ya daina kallona ya ɗauko ta. Shi ya cicciɓo ta har mota, wari da komai, yara suka matse a gefe, ni kuma na ɗora ƙafar a cinyata. Da muka zo wurin allon nan Auta ta fashe da kuka, ta ce ko daga nesa ne a nuna mata ruwan.

A barandar asibiti, bayan an shiga da tsohuwar, maigidana ya matso ya ce, "To ai kin gani, da ban kawo ki ba..."

"Kada ka ƙarasa. Da ka buɗe baki ka roƙe ni ran Litinin, ran Litinin zan zo, in na tashi aiki. Kwana biyar ka ƙara mata tana kwance, don kana tsoron in ce a'a. Ni ka san ban taɓa ƙin mara lafiya ba. Ƙarya ce kawai ta fi maka sauƙi."

Ya sunkuyar da kai.

Manajan ya iso da yamma ya sa hannu, ya yi ta yi wa maigidana godiya, ni ko kallo ban ishe shi ba. Likita ya cire yatsu biyun, ƙafar ta tsira. Sati uku ta yi a ɗakinmu na asibiti, ni nake wanke mata ciwon, kullum tana sa mini albarka. Da aka sallame ta na ƙi ba da takarda sai da ɗanta ya yarda gidansa za ta sauka.

Maigidana ya ba ni haƙuri ya fi sau goma. Na haƙura, amma sai da na kwashe sati biyu ina gaishe shi kamar baƙo.